An Sace Mini Keke a Ƙiblatain

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali, ya ƙafar Inna? Da fatan kowa lafiya.

Yaya, raina a ɓace yake. Keken da nake hawa zuwa kantin maganin da nake aiki a unguwar Jurf, an sace shi ranar Talata ina masallaci sallar La'asar. Tun da na kama hayar ɗakin nan a unguwar Ƙiblatain, mai gidan ya hana ni shigar da shi ciki, wai zai ɓata masa tayil. Ya ce, "Mamnu'!", wato an hana. Dole na riƙa ɗaure shi a ƙarƙashin matattakala, daga nan kuwa aka ɗauke shi.

Na je ofishin da na yi wa kayana inshora. Ma'aikacin ko kallona bai yi ba, ya ce, "Abin da ke cikin ɗaki kaɗai ya shafe mu." Na koma wa mai gidan, ya watsa hannu ya ce, "Allah Karim." Yanzu da ƙafa nake zuwa aiki cikin wannan rana, har mudir, wato manajan kantin, ya gargaɗe ni kan makara.

A taya ni addu'a Allah ya sanyaya mini zuciya, ba na son in zagi mutum a garin Manzon Allah. A gaida Inna, amma kada a gaya mata.

Ƙaninka,
Bashir