Mota a Gidan Baba

Daren Alhamis, watan Rajab, 1345. Tanut.

Dole in rubuta wannan.

Yau na dawo daga Tarka, ban gane unguwarmu ba. Hanyar motar da Nasara suka share daga Damagaram zuwa Agadas ta bi ta ƙofar gidan fataken Baba. Sun fasa zauren don mota ta shiga. Ɗakin da muke tara gashin jimina da fatu an shafe shi da farar ƙasa, ya zama masaukinsu. Inda raƙuman ayari ke durƙusawa, can na ga motar, yara sun kewaye ta.

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Amma da na zaga baya in yi wa Baba addu'a, babu kabarin. An sare aduwar da ke kansa, an baje ƙasar, an jera gangunan mai a wurin. Innalillahi.

Yaya Habu na tarar yana ɗebo musu ruwa. Na ce, "Yaya, kana nan aka yi haka?"

Ya kasa kallona. Ya ce, "Na faɗa musu, wallahi. Tafinta ya ce wai babu alamar kabari."

Inna ba ta sani ba. Tunda idanunta suka tafi, kowa ya ɓoye mata. Ɗazu ta shafa fuskata, ta ce tunda na dawo, gobe in riƙe mata hannu mu je kabarin mu gaida Malam, yadda take kiran Baba.

Na ce mata to.