Kujerar da Ba a Ba Malar Ba

Tanjung Kenanga,
4 ga Oktoba.

Ƙanwata Lela,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da ɗalibanki na jami'a. Mama tana gaishe ki, ta ce a hoton da kika aiko kin rame.

Na ɗauki biro ne don na daina yarda da wayar ofis. Ranar Litinin kawunki Datuk Mokhtar, Babban Ministan jiharmu, ya naɗa shugaban hukumar ruwa. Shekarata ashirin da ɗaya a hukumar nan, uku daga ciki ni ke riƙon ƙwarya. An ba Khairudin. Ni na koya masa karanta ma'aunin madatsa. Mutumin kirki ne, da ya shigo ofishina kasa ɗaga kai ya yi.

Wani kamfanin ruwa a Perth, can ƙasar waje, ya ba ni aiki, suna jiran amsa zuwa ƙarshen Nuwamba. Ba na son tafiya. Mama ta cika saba'in da huɗu, ta ce ko gawarta ba za ta hau jirgi ba.

Tambayata guda ce. Don ni Ba'indiya ce aka tsallake ni? In wani dalili ne, siyasa ko rashin sa'a, zan zauna in jira, shekara biyar ba ta kashe mutum. In kuwa fatata ce, jira ba zai sauya ta ba. Ni da ke amana ce ta haɗa mu, amma ke jininsa ce, kuma ƙididdiga kike koyarwa. Kada ki lallashe ni.

Ki huta lafiya.
Yayarki, Malar.

Kuala Lumpur,
12 ga Oktoba.

Akka,

Ina gaishe ki, yayata, ina gaida Mama. Ki gaya mata ban rame ba, mai hoton ne ba ya ƙaunata.

Na yi abin da na iya, wato na ƙirga. Tun hawansa, kawuna, Pak Long kamar yadda muke kiransa a gida, ya yi naɗi arba'in da uku. Arba'in Malayu ne irinmu. Biyu Sinawa ne, an ba su sha'anin kasuwa, don kowa ya san Allah bai halicce su don wani abu ba. Ɗaya Ba'indiye ne, an ba shi kwamitin gidajen bautarku, inda da wuya a samu Bamalaye mai nema.

Sai dai na sake dubawa. A cikin arba'in ɗin nan, goma sha tara daga gundumarsa suka fito, shida surukan wani ne, huɗu sun taɓa riƙe masa laima. Ya tsallake Malayu masu digiri uku-uku ya ɗauko wanda ya yi makarantar kwana da shi. Kin ga wahalar aikina: mutumin da ke raba komai ga 'yan ɗakinsa, ta ina za ki gane wanda ya ƙi?

Manufofinsa ma haka suke. Ya haɗe makarantu uku na yaren Tamil, na 'ya'yan Indiyawan gonakin roba, suka koma ɗaya, ya ce yara sun yi kaɗan, kuma da gaske sun yi kaɗan. Ya hana sayar da giya kusa da unguwanni, ya ce tarbiyya. Kowace doka da dalilinta sanye da riga mai guga. Abin da ban gane ba shi ne yadda ruwan yake samun rufin mutane iri ɗaya kullum. Shi dai cewa yake shi mai ra'ayin riƙau ne, yana riƙe abin da ya tarar. Ban taɓa jin an tambaye shi a hannun wa ya tarar da shi ba.

Jiya bayan azahar ruwa ya tsuge, barci ya sace ni a kan takardun jarrabawa. Na gan mu a tsohon tafkin kuza na bayan gidanku, inda kika koya mini iyo kina riƙe da haɓata. Duwatsu sun lulluɓe da hazo, furanni sun rufe ruwan. Sai ga kujerun ofis suna yawo a kai kamar agwagi, Pak Long a kwalekwale yana tura su da sanda a hankali, yana murmushi. Kika ce mini, "Kada ki kalle su, ki buga ƙafa." Na farka da tawada a kumatu.

Na san ban amsa ba. Asabar mai zuwa zan je in gan shi.

Taki, Lela.

Kuala Lumpur,
23 ga Oktoba.

Akka,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki yafe ban biyo ta gidanku ba, da na ga fuskarki da na faɗi abin da ban gama tunani a kai ba.

Na sami Pak Long a baranda bayan la'asar, daga shi sai zane da singileti, yana ba kurciyoyinsa na gasar kuka gero. Kejinsu rataye a jere, suna ta kuka ɗaya bayan ɗaya, hayaƙin shara yana tashi daga gonar maƙwabta. Wajen nan mutum yakan manta abin da ya kawo shi.

Ya ce, "A'a, 'yar boko! Kin zo ƙirga ni?"

Na ce, "Na riga na ƙirga, Pak Long. Ka faɗi jarrabawa."

Ya yi dariya har da tari. Da na ambaci sunanki sai ya ajiye kwanon geron. "Malar? Malar ai 'yata ce! Ubanta ne ya koya mini lissafi lokacin ba ni da ko takalmi. A gidansu na ƙoshi karon farko."

"To me ya hana?"

"Ke kina ganin kujerar ruwa ta injiniya ce. Shugaba zai zauna gaban Sultan, zai buɗe taro da addu'a, zai shiga ƙauye a gan shi a sahun gaba ranar Juma'a. Kin san yaran da ke bayana a jam'iyya? Jira suke in yi tuntuɓe. In na faɗi, wanda zai hau ko sunanta ba zai iya furtawa ba."

Na ce, "Wato don ka kare ta ka tsallake ta."

"Bakinki sak na uwarki. Allah ya ji ƙan mijin da bai same ki ba."

Ya ce ki ba shi shekara biyu, bayan zaɓe komai zai daidaita. Ya ce zai zo gidanku ranar Deepavali, bikinku na fitilu, kamar yadda ya saba kafin mulki, wai kajin Mama sun fi na kowace mace a jihar, har da matarsa, amma kada in faɗa.

Ga abin haushin, Akka: na fito ina sonsa. Bai yi mini ƙarya ko ɗaya ba, iya abin da na gano. A hanya na yi ta tunanin ko akwai sunan da ya dace da mutumin da yake ƙaunar Indiyawa ɗaya-ɗaya. A littattafanmu ban gani ba.

Ba zan samu zuwa bikin ba, muna tsakiyar jarrabawa. Ki kunna fitila ɗaya da sunana.

Taki, Lela.

Tanjung Kenanga,
15 ga Nuwamba.

Ƙanwata Lela,

Ina gaishe ki. An yi biki lafiya, na kunna fitilarki a bakin ƙofa, iska ba ta kashe ta ba.

Kin san ranar Deepavali ƙofarmu a buɗe take, kowa ya shigo ya ci. Abin da wataƙila ba ki sani ba, don ke ci kawai kike yi: Mama tana da tukwane da faranti na musamman a saman kabad, na baƙi Musulmi. Tun kawunki yana ɗalibi ta saye su. Babu abin da ya taɓa shiga cikinsu sai naman da ta sayo da kanta wurin mahaucin bakin masallaci. Ko Baba bai isa ya sha shayi a kofin nan ba. Da ta ji zai zo, kwana biyu ta yi tana wanke su, ta sa ni na kai ta wurin mahaucin tun da sanyin safiya.

Da hantsi sai ga farar mota. Wata mata ta fito, Puan Salbiah, mai kula da tsarin tafiyarsa, mace mai ladabi ƙwarai. Aka sauke kwalayen abinci daga otal, kowanne da tambarin halal a murfi.

Ta ce, "Mama, ki yi haƙuri, tsari ne. Akwai 'yan jarida, kuma kin san mutane da waya. Hoto ɗaya ya isa."

Mama ta ce, "'Yata, tun ba a haife ki ba yake ci a gidan nan."

"Na sani, Mama. Ba ke ake zargi ba."

"To wa ake zargi, kazar?"

Puan Salbiah ta yi murmushi, ta ci gaba da jera kwalaye.

Kawunki ya iso da azahar. Ya sunkuya ya kama hannun Mama ya kai goshinsa, kamar yaro. Ya tsaya gaban hoton Baba ya daɗe. Aka zaunar da shi, farantinsa na dā a gabansa, miyar kaza tana tururi. Na ga hancinsa ya buɗe. Puan Salbiah ta ɗora kwali a kan farantin, a kansa fa, Lela, ta buɗe. Ya ci shinkafar otal da cokalin roba. Ya gaya wa 'yan jarida cewa gidan nan gidansa ne, duk mai cewa akwai wariya a gwamnatinsa ya zo ya gani. Idanunsa sun yi ƙwalla, kuma ƙwallar gaske ce, ina kusa.

Da zai tafi ya ja Mama gefe, ya rage murya. Ya ce, "Zuba mini kaɗan a kwano. Zan ci a mota."

Ta zuba. Ta zaɓa masa cinya biyu, ta naɗe kwanon da tsohuwar jarida don kada a gani, ta miƙa wa direba ta ƙofar baya. Bayan an watse ta zauna a kan tabarma tana kallon fitilu. Ta ce, "Ya rame, ba sa ba shi abinci a can."

Ni dai na kasa gane abin da na gani. Mutumin da ya ƙi mu ba zai roƙi miyarmu ba. Saura mako biyu, takardar Perth tana cikin jakata, na kai ta ofis na dawo da ita sau tara. Har yanzu ba ki amsa mini ba.

Ki huta lafiya.
Yayarki, Malar.

Kuala Lumpur,
20 ga Nuwamba.

Akka,

Gaisuwa, ke da Mama.

Na kira direbansa. Ya ce Pak Long ya cinye tas, har da tsotsar ƙashi, gilasan mota a rufe.

Na yi wata shida... ƙarya nake, mako shida ne, sun dai yi mini kamar wata shida, ina leƙen zuciyar Pak Long don in kawo miki labari. Ba ya ƙinki. Yana sonki, a mota, gilasai a rufe. Bayan zaɓe akwai wani zaɓen, kuma motar ba za ta ƙara faɗi ba.

Amsarki: e, don haka ne.

Ki sa hannu a takardar Perth. Na nemi a tattara darussana tsakanin Litinin da Alhamis, an yarda, sauran kwanakin ina wurin Mama. Ki gaya wa Mama ta share mini ɗakinki, ki kuma gargaɗe ta cewa ina minshari.

Ƙanwarki, Lela.