Rantsuwar da na karya a kan ruwa

Zuwa ga Yaya Latifa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Inna, ta yi sauƙi?

Yaya, akwai maganar da na kasa faɗa miki ta waya. Kin tuna rantsuwar da na yi wa Inna bayan na ƙetaro teku daga Libiya, cewa ba zan sake taka jirgin ruwa ba? To, na karya ta. Tsohon da nake wa aikin gyaran jirage a nan Lyon ya ce in raka shi mu kai wa wani mutum jirginsa ta teku, in na ƙi ya ɗauki wani a madadina.

Mun gangara kogi da inji. Da muka fita teku sai aka ɗaga babban ƙyalle, iska na tura mu. Ranar farko ban ci komai ba, hannuna ya ƙi sakin igiya. Tsohon ya lura, bai tambaye ni dalili ba, sai ya riƙa bin gaɓa inda nake hango itatuwa da shanyar mutane. Ya ce, "Isufu, dubi ƙasa, bar ruwa da ni." Rana ta uku har ƙari na nema a wajen cin abinci.

Na dawo lafiya, aikina yana nan, alhamdu lillahi. Na kira Malam Mutari na unguwar Barbès, ya ce kaffarata ciyar da mutum goma ce. Don Allah ki tuƙa tuwo ki raba, amma sai sun ƙoshi kafin ki gaya wa Inna na mene ne. Ki fara mata da cewa ina kan tudu.

Ƙaninki,
Isufu