Tsakuwar Baban Lubabatu

Guéma, Parakou

Zuwa ga Yaya Mu'minat a Djougou,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Alhaji da yara. Ya ƙafar taki?

Yaya, ciwon kwiɓin da Baban Lubabatu ke ta ɓoyewa, ashe tsakuwa ce a ƙoda. Likita ya ce yawan nama ne da ƙarancin ruwa. Kin san mahauci, wuni yake gaban tukuba, ba ya shan ruwa don kada fitsari ya tashe shi daga ciniki. An ba shi magani, aka ce ya dinga ɗirkar ruwa. In ba ta narke ba, sai tiyata. Mutumin da ke kayar da bijimi, da jin za a sa masa wuƙa sai gumi! A gabansa tsokanarsa nake yi, amma wallahi tsoro ya cika ni.

Da farko cewa ya yi dutse ba ya narkewa, kada a raina masa hankali. Sai 'yarki Lubabatu ta nuna mana karatun jami'a. Ta yi ta zuba gishiri a kofin ruwa tana damawa har ruwan ya ƙoshi, saura ya kwanta a ƙasa. Ta ce ba zaune yake ba, wani na narkewa wani na komawa, daidai wa daida, shi ya sa ido ke ganin kamar abin ya tsaya. Ta ƙara ruwa, gishiri ya ɓace. Ta ce irin tasa tsakuwar haka take, maganin kuma tsamin fitsari yake ragewa don fitsarin ya ƙara narkar da ita. Can baban nata ya ce a miƙo masa moɗa.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Tsahara

Guéma, Parakou

Yaya Mu'minat,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida mutan gida. Albishirinki!

Tun waccan wasiƙar mun sha fama. Kullum da bidon, wato jarkar ruwansa, yake fita kasuwa, har abokan fawa suka sa masa suna Alhaji Randa. Na janye masa nama, sai wake da ganye. Yana ci yana mita wai na mayar da shi akuya. Oho dai, ai ya cinye.

Jiya muka koma hoton ciki. Likita ya duba, ya juya shi, ya sake dubawa, babu ko ɓurɓushi! Ba tiyata, Yaya! Shi kuwa gogan naki sai ya roƙa a leƙa ɗaya gefen, wai ko ƙaura ta yi. Har likitan sai da ya yi dariya.

Da muka fito ya dafa kan Lubabatu ya yi ta sa mata albarka. Sannan a bakin asibiti, gaban 'yan zem masu hayar babur da masu lemo, ya kama hannuna ya riƙe. Tunda aka kawo ni gidansa bai taɓa yin haka a idon mutane ba. Ni ma ban ƙwace ba. Daɗi kamar ya kashe ni.

Ran Juma'a za mu yi sadaka, don Allah ki zo. A gaida Alhaji.

Taki har kullum,
Tsahara