Biyu Cikin Goma

Litinin.
Aikin farko yau: yanka katunan haruffa, saiti shida.

Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya a sansanin aikin hanyar nan naku da ba sabis ɗin waya. Direban tankar ruwanku zai kawo maka wannan, ya ce Laraba zai juyo.

Tallan da ka ɗora mini a dandalin sada zumunta kafin ka tafi yana aiki. Malamai goma sha ɗaya sun turo saƙo suna son katunan, na rubuta kowa a littafina. Sai dai akwai damuwa.

Ka tuna ka ce talla ba ya shiga ran mutane sai an nuna yadda ake da, da yadda aka koma? Na ba ka hotuna biyu daga littafin yarinya ɗaya a ajina: shiftar farkon zango, biyu cikin goma, da ta bayan wata biyu da katunan, tara cikin goma. Na rufe sunanta da takarda. Kai kuma ka zaɓi a nuna wa iyaye da malaman da ke kewayen unguwarmu. To, hoton farko kaɗai ke fitowa a waya. Sai an ja da yatsa ake ganin na biyu, kuma ba mai ja.

'Yar telar nan ce da ta ɗinka labulen ɗakin Mama. Takan bi tsakiyar littattafan 'ya'yanta da jan zare a keke don kada shafuka su zube. Zaren ya fito sarai a hoton. Kowa a layinsu ya gane shi. Yara sun sa wa yarinyar suna Biyu. Ba ta zo makaranta Juma'a ba, yau ma kujerarta, ta uku a layin taga, ba kowa.

Na shiga in tsayar da tallan, ya tambaye ni lambar sirri. Da shafinka ka buɗe. Saura kwana takwas ya ƙare. Ka taimaka ka turo mini.

Mama tana gaishe ka. Allah ya tsare.

Yayarka

*

Laraba

Yaya Malama,

Wa'alaikumus salam. Ina gaishe ki da gida duka. Lafiyata ƙalau, sai dai na yi baƙin da Mama ba za ta gane ni ba.

Ban ji daɗin abin yarinyar ba. Amma ki tsaya ki ji. Shekara uku kina yanka katunan nan a kan tabarma kina sayar wa malamai biyu, ɗaya ma ƙawarki ce. Yanzu mako ɗaya, goma sha ɗaya. Injin tallan ya fara gane masu saye. In kika tsayar, sai ya koma farko kamar ɗan aji ɗaya. Yara kuma, kin fi ni sani, kwana uku sun samu wani su tsokana. Ni ma ai Kan Kwakwa suka kira ni har na gama firamare, ga ni nan ban mutu ba.

Lambar ita ce sunan kyanwar Mama da shekarar da na faɗi jarrabawa. Ki shiga wurin tallace-tallace, za ki ga ɗan maɓalli a gefe. Amma don Allah ki kwana a kai tukuna.

Naki har kullum,
Auta

*

Juma'a
Aikin farko yau: mayar da abin da ba nawa ba.

Auta,

Assalamu alaikum, da fatan alheri. Saƙonka ya iso, na gode.

Ban kwana a kai ba. Direban bai bar layinmu ba na danna maɓallin. Lokacin masu tambaya sun kai goma sha tara. Daga nan wayar ta yi shiru, kuma ba zan ɓoye maka ba, na ji shirun.

Game da Kan Kwakwa, kai ka manta, ni ban manta ba. Ni na riƙa janka daga bayan ƙofa kowace safiya.

Jiya bayan tashi na je shagon. Uwar tana kan keke da fil a baki, yarinyar tana ƙasa tana warware wani ɗinki. Na yi sallama, uwar ta amsa ba ta ɗago ba.

"Malama mai talla. Ɗinki aka kawo, ko wani hoton aka zo ɗauka?"

Na ce haƙuri na zo bayarwa, kuma na tsayar da tallan.

"Kin tsayar bayan mai kanti da matar mai gidanmu sun gani? Uban ya ce tunda boko ba ya shiga kanta, ta zauna ta koyi abin da hannunta zai iya."

Na ce ai yanzu tara take ci. Keken ya tsaya.

"Wace tara?"

Auta, a nan na gane abin da na yi. Tun ranar da na ɗauki hoton, littafin yana cikin jakata, mako uku. Na ajiye ko za ka buƙaci wani hoton. Duk unguwa ta ga biyunta, gidansu ba wanda ya ga taran. Na ciro shi na buɗe a kan keken. Uwar ta cire fil ɗin daga baki, ta bi layukan da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Ke, me ya hana ki faɗa?"

Yarinyar ta ce ta faɗa, aka ce ina littafin.

Uwar ta juyo gare ni. Sannan ta ce, "Kwana nawa biyun ya yi yana yawo?" Na ce tara. "To taran nan ma ya yi kwana tara yana yawo. Unguwa ɗaya, mutane ɗaya. Ki sa har sunanta."

Na ce sai na tambayi mai littafin, tunda karon farko ban tambaya ba. Yarinyar ba ta dube ni ba. Ta ce ba sai an sa suna ba, zaren ya isa.

Ban sani ba ko wannan gyara ne ko sabon kuskure. Ka rubuto mini yadda ake sa hoto ɗaya tak, dalla-dalla, kamar kana koya wa Mama.

Ka kula da kanka.

Yayarka

*

Lahadi

Auta,

Assalamu alaikum. Takardarka ta zo, har da zanen kibiyoyi. Na bi su, sabon tallan ya hau da rana. Hoto ɗaya, jan zaren a tsakiya. Mutum biyu sun tambayi katuna. Uwar ta kai wa uban littafin, ya duba, bai ce ta koma ba, bai ce kada ta koma ba.

Allah ya dawo da kai lafiya.

Yayarka

Na gobe:
Kai saiti shida a rufe su da leda.
Amsa wa malamai takwas da ban amsa wa ba.
Mayar wa yara duk littafin da ke jakata.
Yi wa aji magana kan sunan nan.
Goge kujera ta uku a layin taga, kafin a buga ƙararrawa.