Almakashin Bakin Lungu

Litinin, 5 ga Mayu

An karanta mana sabuwar takarda a ofis. Duk allon shagon da ya leƙo kan hanya, a sauke shi, babba ko ƙarami. Tun da iskar watan jiya ta yanko allon wani kantin katifa ya faɗo wa wata mata a ka muka san za a rina. Matar ta rasu. An ce ta bar jinjiri.

Mu uku ne a motarmu: Oga da takarda, Dogo a sitiyari, ni da tsani. Shekarata goma sha ɗaya ina hawa. Ba ni na yi doka ba.

Laraba, 7 ga Mayu

Allo ashirin da biyu yau. Kafaɗata kamar ba tawa ba.

Kowane allo da halinsa. Na leda ba ya gardama, ka yanke igiya ya zube kamar tsumma. Na ƙarfe mai walda sai da zarto, shi ke cin lokaci. Akwatin nan mai fitila a ciki shi na tsana, mai shago ya rantse maka ya kashe wuta, ka taɓa ta fizge ka. Masu tsayawa da ƙafa a bakin titi kuwa, da an hango motarmu sai ka ga suna gudu cikin shago. Dogo ya ce bai taɓa ganin allo mai tsoron mota ba sai bana.

Wanda ya manna nasa a jikin bango, ko ya rubuta da fenti a kan rumfa, ba ruwanmu da shi. Tsayawa suke a ƙofa suna kallon maƙwabtansu.

Juma'a, 9 ga Mayu

Wani mai gyaran agogo ya tofa mini yawu a wando. Na goge, na ci gaba.

Talata, 13 ga Mayu

Oga ya bar jerin tituna a kan kujerar mota, na duba. Titin su Yaya, Talata mai zuwa.

Na san zai zo. Amma ganin sa a rubuce daban ne.

Shagonta na can ƙuryar lungu, na huɗu a hannun hagu, ba a ganinsa daga titi. Zare, allura, maɓallai, zik, man keken ɗinki. Abin da ke kai mutane wurinta almakashin nan ne na katako, ja da fari, da ke rataye a bakin lungun a kan hannun ƙarfe. Marigayi mijinta ya sassaƙa shi da kansa shekarar da suka buɗe. Ni na riƙe masa tsani, ina ɗan shekara tara. Har yau in baƙo ya yi tambaya sai a ce masa, ka je inda almakashi yake ka shiga.

Ita ta raine ni bayan rasuwar innarmu. Da ribar zaren nan na yi makaranta, iya wadda na yi.

Alhamis, 15 ga Mayu

Na gaya wa uwar yara. Ta ajiye kwanon da take wankewa ta ce, "To ka je ka faɗa mata mana. Ta sa a cire a hankali ta adana." Na ce an hana mu faɗa, duk wanda aka kama ya tsegunta ya bar aiki. "Yayarka ce fa." Na ce na san yayata ce.

Gaskiyar da ban gaya mata ba: ba korar nake tsoro ba. Ba na so in ga fuskar Yaya sau biyu, ranar faɗa da ranar cirewa.

Lahadi, 18 ga Mayu

Na je. Na zauna a kan bencin shago fiye da awa guda. Ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta yi mini faɗan ramewa, ta ga maɓallin rigata na lilo ta ce in tsaya, ta ɗinke shi yana jikina, ta ciji zaren da haƙori. Gwiwoyinta sun kumbura, da dafa kantar shago take tashi.

"Auta, na ji kuna ta sauke alluna."

"E, Yaya."

"Allah ya tsare ka da faɗuwa."

Shi ke nan. Ban faɗa ba. Na wuce ta ƙarƙashin almakashin ban ɗaga kai ba.

Litinin, 19 ga Mayu

Na roƙi Oga ya ba ni hutun gobe. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce ya san dalili, kuma in ba ni ba, zai aro mutum daga ɗaya motar. Na san mutumin. Da guduma yake aiki, bai san sufana ba. Na ce zan zo.

Talata, 20 ga Mayu

An yi.

Laraba, 21 ga Mayu

Jiya na kasa rubutawa.

Mun isa da hantsi. Kafin in jingina tsani labari ya shiga lungu, sai ga Yaya tana takowa, tef ɗin awo rataye a wuya. Ba ta yi wa Oga magiya ba, ba ta yi ihu kamar sauran ba. Ta dubi mota, ta dube ni.

"Tun ranar Lahadi ka sani?"

Na jingina tsanin a bango.

"To hau. Riƙe shi da kyau."

Na zuba mai a notin, na bi su a hankali, huɗu ne. Uku sun kwance. Ina kan na huɗu na tallafe katakon da hannun hagu, sai yatsuna suka nutse ciki. Fenti ne kawai a waje, ciki duk ya ruɓe, ruwan shekara talatin. Ya rabe biyu a hannuna. Rabi ya faɗo ya tarwatse a gabanta, ƙasa-ƙasa kamar dussa.

Dogo ya ce, "Kai! Da iska ta sake zuwa da wannan ma ya kashe wani." Gaskiya ya faɗa. Da ma bai faɗa ba.

Ta sunkuya da ƙyar ta tsinci ɓarin da ya fi girma. Oga ya ce doka ta ce komai a mota. Ta miƙa mini ba ta dube ni ba. Ni na karɓa. Ni na jefa.

Asabar, 31 ga Mayu

Ba ta ɗaga wayata. Uwar yara ta je ta dawo jiki a sanyaye. Wai tsofaffin teloli na zuwa har yanzu, amma sababbin fuska babu. Masu wucewa da ke shigowa sayen allura ɗaya su fita da zare biyar, su ne cinikin, kuma su ne suka ɗauke. Wata ma ta ce ta ɗauka an tashi shagon.

Na ce ko a manna mata na bango. Bangon bakin lungun na mai sayar da waya ne, ya rufe shi da akwatinsa mai fitila tun daga sama har ƙasa. Ɗaya gefen taga ce. Na je na same shi, na roƙi ko faɗin tafi biyu. Ya ce, "Ba kai ne ka sauke na ƙanena ba?"

Zomo ba ya fushi da makashinsa, sai da maratayinsa.

Lahadi, 8 ga Yuni

Babban ɗana ya tambaye ni me ya sa Gwaggo ta daina aiko musu da ƙyallaye. Na daka masa tsawa. Bai yi komai ba.

Alhamis, 12 ga Yuni

Mun bi ta titin su Yaya za mu wani aiki. Na gan ta.

Ta fito da kujera bakin lungu, daidai ƙarƙashin ramukan noti huɗun nan, da faranti a cinya, zare kala-kala a jere. Rana tsaka. Mace mai shekara hamsin da takwas, mai shagon kanta, tana ɗaga wa masu wucewa zare. In an tsaya sai ta nuna cikin lungu da hannu.

Dogo ya rage gudu. Na ce ya taka. Ya ce, "Ba za ka gaishe ta ba?" Na ce ya taka, na ce.

Na zame ƙasa a kujera kamar ɓarawo.

Laraba, 18 ga Yuni

Masu korar talla a bakin titi sun kifar mata da faranti. Ofishinmu ɗaya da su, ƙofa ce kawai ta raba. Na san wanda ya yi, muna gaisawa kullum. Yau ma mun gaisa.

Asabar, 28 ga Yuni

Yaya ta kira ni da kanta.

"Auta, in kana da sarari ka zo ka kwance mini kantoci."

Yau za ta mayar wa mai ginin mabuɗin shago. 'Yarta ta matsa ta koma wurinsu da zama, likita ma ya ce gwiwar ba za ta ƙara ɗaukar zaman rana ba. Na je da sufana da sukudireba. Mun yi aiki tun safe har la'asar, ita tana zuba maɓallai a kwalabe, ni ina kwance katako. Ba mu yi magana goma ba.

Da na gama na durƙusa na ce ta yafe mini. Ta daɗe tana ɗaure bakin wani buhu.

"Katakon ya ruɓe, na gani da idona. Ba don shi ba ne." Ta ja igiyar ta ƙulle. "Ka zauna a nan na ɗinke maka riga, bakinka a rufe. Wannan ne."

Na ce tsoro na ji.

"Na sani. Tun kana yaro haka kake. Tashi, ka ɓata wando."

Ban san ko yafiya ce ba. Ta ba ni kwalbar maɓallai guda in kai wa uwar yara.

Juma'a, 4 ga Yuli

Sabuwar takarda. Ƙorafi ya yi yawa, an sassauta. Allon da bai leƙo fiye da mita ɗaya ba, in ƙarfensa na da ƙarfi, a bar shi. An ba ni tef, ni zan riƙa aunawa in faɗa.

Hannun ƙarfen Yaya bai kai mita ba. Ko kusa. Da sabon katako kawai za a ɗaura.

Kwana shida da ta ba da mabuɗi. An riga an zuba buhunan siminti a shagon.

Alhamis, 10 ga Yuli

Tara kawai yau.

Na ƙarshe na wani tsoho ne mai gyaran takalma, ƙarƙashin matakalar bene yake, ba ka ganinsa sai ka sunkuya. Allon gwangwani, an zana takalmi ɗaya, ba rubutu. Ya fito da zare a baki yana kallona.

Na hau. Na kama ƙarfen na rataya da dukkan nauyina, sau biyu. Bai motsa ba. Noti ɗaya ya ɗan saki, na ɗaure, tunda sufana na hannuna. Sannan na ja tef.

Oga ya ɗaga murya daga cikin mota, "Nawa?"

Na ce santimita casa'in da biyar.

Ya rubuta. Dogo ya dube ni ta madubi, ya dubi allon, ya tayar da mota.

Rana na dukan idona a saman nan, kuma lambobin tef ɗin ƙanana ne. Kowa na iya kuskure.

Gobe titin masu kayan gini, talatin da wani abu. Tef ɗin na aljihuna.