Matata Ta Ga Makin da Nake Ba Miyarta

Hajiya Sahada, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni. Na yi ɓarna a gidana da alƙalamina, yau kwana goma sha tara ke nan, kuma na rasa ta inda zan fara gyara.

Shekarata arba'in da ɗaya, akawu ne ni a wani kamfanin sufuri. Tun ina kwaleji nake rubuta abin da ya faru kowace rana a littafi, da Faransanci. Shekara uku da suka wuce na fara ɗan lambu a bayan gidanmu a Zongo. Ƙasarmu yashi ce, sai da na yi ta ɗauko baƙar ƙasa daga bakin tafki wajen Hanoukopé, Mato mai sayar da raguna kuma yana ba ni taki. Yanzu akwai ayoyo, wato lalo, da gboma, wani irin ganyen gauta, da yakuwa, da kuɓewa, da barkono, ga daidoya a tsoffin kwanonin wanka. Tumatir ne kaɗai ya ƙi ni, wataƙila ruwa nake cika masa.

Matata Hadjara tana sayar da atamfa a kasuwar Assigamé. Idan ta dawo da la'asar, ko mayafi ba ta cirewa sai ta zagaya baya ta tsinko abin da ya yi mata. Hajiya, da kin ɗanɗani miyar ayoyonta da bandar kifi! Sai ta sauke tukunya sannan ta murza daidoya a tafin hannu ta watsa, ƙamshi ya kai har bakin titi, maƙwabta su fara leƙowa wai gaisuwa suka zo. Ba ta auna komai, hannunta ne ya sani. Ban taɓa jin daɗin gidana kamar a shekara ukun nan ba.

Ga kuskurena. Kowace miya nakan rubuta abin da aka tsinko, da ɗan bayani, sannan in ba ta maki a kan ashirin, yadda malamanmu suke yi mana. Niyyata kawai in gane wane ganye ya fi daɗi a wane wata. A makarantarmu wanda ya samu sha biyu da gudu yake zuwa gida don murna. Sha huɗu sau biyu na taɓa samu a rayuwata, ashirin kuwa ba a ba ɗan Adam. Hadjara sha huɗu da sha biyar take samu kusan kullum. Ranar sunan autarmu har sha shida da rabi na ba ta.

Ranar da aka kwashe mu daga ofis zuwa taron jam'iyya, na manta littafin a kan tabarma. Hadjara ba ta karanta Faransanci, amma ta san sunanta, lamba kuwa ba ta ɓace mata. Ta kai wa maƙwabciyarmu Meimuna unguwarzoma, ita ta fassara mata lambobin. Da na dawo, sai ta tambaye ni ina sauran shidan suka tafi, a gidan wa na ci miya mai ashirin. Na shiga yi mata bayanin tsarin makaranta, har na ɗauko tsohuwar takardar sakamakona. Abin ya ƙara lalacewa.

Ba ta yi yaji ba, ba ta daina gaishe ni ba. Amma ta daina taɓa lambun, ganyen kasuwa wanda ya kwana take sayowa. Kuɓewa ta yi tauri a jikin uwarta. Furen daidoya kuma kullum sai ya ɓace, tsaf kamar da farce. Ina zargin akuyar maƙwabta, ko da yake ban ga sawu ba. Na yi tunanin in bi littafin in mai da komai ashirin, amma ƙarya ce. Ko in daina rubutun gaba ɗaya?

Mai Lambun Bayan Gida, Zongo, Lome

Malam Mai Lambu, wa alaikumus salam. Na yi dariya, amma ban raina damuwarka ba.

Na yarda ba raini ka yi nufi ba. Mutumin da ya ɗauko ƙasa daga bakin tafki don matarsa ta samu ɗanyen ganye ba mai wulaƙanta girki ba ne. Sai dai ka duba ta nata wajen. Ta zaci mijinta take ciyarwa, ashe malami ne ke duba jarrabawa a ɓoye. Kuma na lura da abu ɗaya: ni baƙuwa ka yabi miyarta a gabana har yawuna ya tsinke, amma babu inda ka ce ka taɓa faɗa mata. Ina jin ci kake yi shiru, ka wanke hannu, ka je ka gaya wa littafi.

Kada ka sauya lamba ko ɗaya, kada kuma ka sake ɗauko takardar makaranta. Rubutunka ka ci gaba, maki ne za ka bari. Ranar Lahadi ka tsinko ayoyo da hannunka, ka gyara, ka kai mata madafa, ka ba ta haƙuri ba tare da bayani ba. Sannan ka buɗe shafin ranar suna ka karanta mata da Hausa abin da ka rubuta kusa da lambar. Meimuna lamba ta fassara, saura naka ne.

Ka wanke akuyar mutane daga zargi. Akuya ba ta zaɓar fure ta bar ganye. Wanda ke tsinke furen daidoya so yake kada ta tsufa, don yana da niyyar komawa gare ta.

Idan ta huce, ka miƙa mata alƙalamin ta ba tumatirinka maki. Ko bakwai ta rubuta, ka ce na gode.

Allah ya dawo muku da ƙamshin nan har bakin titi.

Hajiya Sahada